Hitar da Aka Matsar da Sunan Mahaifina

Zuwa ga Alhaji, mai gidan da muke haya a Silver Spring, Amurka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na kawo maganar nan zauren 'yan'uwa na intanet ne saboda na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka.

Na farko. Tun da rani na roƙe ka a matsar da hitar falonmu, ƙarfen nan da ruwan zafi ke bi ta cikinsa, domin tana daidai alƙibla. Mahaifina ido ya yi rauni, har ya taɓa ƙona goshi garin sujada. Ka ce in sha Allahu. In sha Allahun nan ba ta sauka ba sai da sanyi ya kankama.

Na biyu. Ni ba injiniya ba ne kamarka, Alhaji, ɗan karance-karance ne kawai nake yi. Amma ko ni na san ba a cire hita sai an tsiyaye ruwan gidan gaba ɗaya, kuma in an mayar da ruwan sai an bi kowace hita an fitar da iska. Mai gyaran da ka turo ya tsiyaye, ya matsar, ya mayar da ruwa, ya kama gabansa bai fitar da iska ba. Namu ɗakin ya yi ɗumi. Na hawan sama kuwa, ƙarfe sanyi ƙalau sai ƙugi yake.

Na uku, kuma shi ne mai ciwon. A saman nan Mama Rifkatu ce, nas 'yar Filato, da jikarta jaririya. Ita ke duba wa Baba hawan jini in ta taso aiki, su yi ta hirar Jos. Da ta kira ka, sai ka ce mata ai mutanen hawan ƙasa ne suka matsa sai an yi aikin saboda sallar tsohonsu. Haba Alhaji! Jaririyar ta kamu da mura. Yanzu Mama Rifkatu takan gaishe da Baba a tsaye, ba ta shigowa. Shi kuwa ya daina cin abincin kirki, yana cewa ibadarsa ta cutar da maƙwabci. Wallahi da na san haka za ta kasance, da na lulluɓe ƙarfen da bargo na yi shiru.

Roƙona biyu ne. Ka turo a fitar da iskar nan a yau, ba gobe ba. Sannan ka zo da ƙafarka ka hau sama, ka gaya mata jinkirinka ne ya jawo, ba sallar kowa ba. Ɗanta ya soma nema mata ɗaki a garin Greenbelt. In ta tashi da wannan a ranta, kai sabon ɗan haya za ka samu. Baba kuwa ba shi da wata abokiyar hira a ƙasar nan.

Allah ya ƙara maka arziki da lafiya, ya sa ka ji.

Wassalam.
Nura, ɗan hayarka na hawan ƙasa.