Ruwan Minti Shida

Matameye, ranar Lahadi

Zuwa ga Najaha, Maman Sadiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ni lafiya lau, in ban da gajiya, wadda ta zama maƙwabciyata.

Za ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Saƙon murya a gidanmu wa'azin kasuwa ne, har mai kawo ruwa sai ya ji. Shi ya sa na ba Gambo direba wannan. Ki karanta, ki sa a ƙasan akwati.

Shekaranjiya bayan azahar gobara ta tashi a bayan tasha, gidan wani Yunus da ya tafi cin rani Legas, ya bar matarsa Amatullahi da 'ya'ya uku. Kin san dukiyarmu ta 'yan kwana-kwana a nan: mota ɗaya, mutum biyar, da tankin da in an buɗe tiyo sosai, minti shida ya ƙare. Kumfar kashe wutar mai kuwa tun bara ta ƙare. Littafin da muka karanta wajen horo ya ce shugaba ya fara haɗa tiyo da famfon bakin titi. Wanda ya rubuta shi, Allah ya ba shi lada, bai taɓa zuwa Matameye ba.

Na yi abin da na saba shekara ashirin da biyu: na zagaya gidan, na duba iska, na yi tambaya. Matar ta ce kowa ya fito. Na tambaye ta abin da ke cikin ɗakin da ke ci, wanda ƙofarsa ke kulle. Ta dubi kakina tun daga hula har takalmi, ta ce gero ne da tsummoki. Na sake tambaya, ta sake faɗa. Maƙwabta suka gyaɗa kai gaba ɗaya kamar ƙadangaru.

To, Najaha, gero ba ya irin wannan hayaƙi, baƙi ƙirin mai nauyi. A zaure kuma na ga mazurari da kwalabe a jere, wankakku. Sarjan Cha'ibu, mataimakina, ya riga ya sa ƙarfe a bakin ƙofar zai ɓalle ta. In ya buɗe, wuta ta samu iska. In muka zuba ruwa kan esansi, wato fetur, zai hau kan ruwan kamar mai a kan miya, ya malalo tsakar gida, ƙarƙashin ƙafafun mutanena. Iska kuma tana tura harshen wutar yamma, wajen katangar Alhaji Ummaru, wanda ya tara harawa a kan soronsa. Bayan soron nan gidaje ne manne da juna kamar 'ya'yan carbi.

Na daka wa Cha'ibu tsawa ya janye. Na sa aka kori jama'a baya. Minti shidan nan duka a kan katangar Alhaji da harawarsa muka ƙarar da su, mace tana tsaye tana kallon ɗakinta yana ci, mu muna yi wa katangar mai kuɗi wanka. Ana cikin haka rufin kwanon ya tashi sama da ƙara, ya faɗo daidai inda Cha'ibu ya tsaya ɗazu. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ita kuwa ta rasa ɗaki biyu, da geron, wanda ashe da gaske akwai shi, da keken ɗinkinta.

Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ki gaishe da Inna, ki ce wa Sadiyya ta riƙe karatu.

Mijinki,
Inusa

Matameye, ranar Talata

Maman Sadiyya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yajin da kika aiko ya iso, Gambo bai ci rabi ba wannan karon, Allah ya shirye shi.

Kin ce labari ya riga takardata isa Damagaram. Haka ne. A tasha yanzu sun yi wa muƙamina wutsiya, sunana Ajudan Mai Wankin Katanga. Masu shayi sun ce Alhaji Ummaru ya ba ni rago. Ina jiran ragon har yau. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ashe ba a yarda kowa ya aikata karin maganar ba, faɗa kawai ake yi.

Abin da ya fi ba ni dariya, in dariya ce, duk unguwar sun san abin da ke ɗakin. A wurinta suke sayen kwalba su zuba wa babur. Yunus ya tsallako da bido-bido, wato jarkokin esansi, daga iyaka kafin ya tafi, don ta riƙa sayarwa tana ciyar da yara. Amma ka tambayi kowa me ya ɗaga rufin, sai ya ce ikon Allah. A garin nan duk mai kaki ɗan duwan ne mai kama kayan fasa-ƙwauri, ko da tiyo yake riƙe da shi.

Wani ya rubuta ƙara, manya sun ce in aiko da rapor, in bayyana dalilin da ya sa ban taɓa wutar ba. Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, kin san ta. In na rubuta ta, takardar ba a teburinmu za ta kwana ba. Za a zo a tambayi matar da ba ta da ko tabarma, a jira mijinta a tasha. Cha'ibu ya kusa cinye ni. Ya ce, “Ajudan, kai ne limamin unguwa ko uban Yunus? Rubuta kawai, kaina rufin nan ya nema!” Yana da gaskiya, shi ya sa ban ji daɗin jin sa ba.

Jiya da hantsi Amatullahi ta zo da gwaggonta Mariama. Suka tsaya a bakin ƙofa suka gaishe ni, gaisuwa mai tsawo, har da ta gajiyar ranar nan. Ba su roƙi kome ba. Da za su tafi tsohuwar ta ce Allah ya rufa asirin mai rufa asiri. Amatullahi kuwa ba ta ɗaga ido ba, yatsunta kawai take murzawa.

Na rubuta cewa hayaƙin bai kwanta mini ba, iska kuma tana barazana ga unguwa, na zaɓi tsare abin da bai kama ba. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Gaskiyar ce dai na yi wa kaciya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada ki ɗauka na tabbata na yi daidai. Bido na nan a ɗakunan mutane, shiruna bai fitar da ko ɗaya ba.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Inusa

Matameye, ranar Asabar

Najaha,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da yara. Labari biyu gare ni, ki zauna.

Na farko, amsa ta zo. An ce shugaba ba ya barin gida ya ƙone don hayaƙi bai yi masa kyau ba. An mayar da ni Tanut, ƙarshen wata. Ki nemo mini bargon nan mai kauri.

Na biyu, ranar Laraba wuta ta kama wani gida a hanyar Yauri. Ban gama saukowa daga mota ba wani dattijo ya kama hannun rigata, ya kawo baki kusa da kunnena. Ya ce, “Ajudan, ɗakin kudu bido takwas ne, na arewa babu kome. An ce kai ba ka rubutawa.” Shekara ashirin da biyu ina tambayar nan a ƙofar gidaje, ranar aka fara ba ni amsa, ban ma tambaya ba. Wutar a na arewa take. Muka shiga kanta kai tsaye, Cha'ibu da mutum biyu suka fitar da bidon ta baya. Minti huɗu muka kashe ta, har muka koma da sauran ruwa. A hanya Cha'ibu ya ɓara goro ya miƙo mini babban ɓarin.

Wanda zai gaje ni yaro ne mai ilimi, an ce ya haddace littafin nan. Kakinsa sabo ne, za a dube shi tun daga hula har takalmi. Abin da dattijon ya ba ni ba ya shiga takardar miƙa aiki. Na dai bar masa layi ɗaya a aljihun tebur: in an ce maka gero ne da tsummoki, ka duba zaure.

Zan biyo ta gida kwana biyu kafin in wuce. Ki yi mini miyar kuka, kada ki gayyaci kowa. Barci nake so.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Inusa