Wandon Sanyin Suwaiba

Winnipeg, 17 ga Janairu

Ƙanwata Habi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Mu lafiya lau, Suwaiba na cin abinci sosai, kada ki sa komai a ranki.

Sai dai makarantarsu ta kira ni zama ranar Alhamis mai zuwa.

Duk Juma'a suna aiko wa iyaye takarda. Sun rubuta cewa kullum yara za su fita wasa cikin ƙanƙara, kowa da wandon sanyi mai kauri, busasshe. Na karanta, Habi, ba zan yi ƙarya ba. Amma karnuka na yawo a filin, yarinyar kuma birgima take a ƙasa, ga salla. Sai na riƙa wanke wandon kullum. Ashe cikinsa ba ya bushewa kafin safe. Ranar Litinin sanyi ya ƙona mata cinya. Likita ya ce za ta warke.

Malamarsu, Madam Friesen, ta bugo waya. "Haba Dije! Wa ke wanke irin wannan wandon? Na 'ya'yana ko ruwa ba ya gani sai ƙanƙara ta narke!" Ta yi dariya. Sannan ta ce a wurin zaman za a nemi takardar da ta nuna ni ke riƙon yarinyar.

Takardar tana wurinki. Don girman Allah ki turo hotonta kafin Laraba, kada a raba ni da 'yarki.

Wandon na rataye bakin ƙofa, kwana huɗu ban wanke ba. In na wuce, istigfari nake yi.

Yayarki,
Dije