Diyyar Mota Ta Zo Bayan Sulhu

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina yara? Yaya ƙafar Inna?

Ka tuna bashin motar da na yi hatsari da ita. Na biya Alhaji Isufu, mai bina bashin, rabi cikin shekara uku, ya yafe sauran, aka shafa Fatiha a masallacin unguwar Waziriyya, halas, magana ta ƙare. To, makon jiya kamfanin inshora ya biya ni diyyar motar. Alhaji ya aiko cewa kuɗinsa ne, wai wanda ba shi da hali ya yafe wa.

A takarda ni ke da gaskiya. Amma da na hango shi a masallaci ran Juma'a, sai na canza sahu.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Inna, amma kada ta ji kuɗi sun zo. Har yanzu ban san na wane ne ba.

Ƙaninka,
Haruna, Jidda