Cokula Biyu na Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar taka, kumburin ya saɓe? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin Mama. Shi ya sa na zauna rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ka san tun da ɓarin jikinta ya shanye haɗiya take yi mata wuya. To kwanan nan kullum da hantsi sai jiri ya kwashe ta, ta yi laushi kamar tsumma. In na dawo daga asibiti da yamma na auna jininta kuma, sai in tarar ya hau. Abin ya ɗaure mini kai. Ni nas guda, mai raba wa ɗaki cike da marasa lafiya magani, na kasa gane na uwata.

Ranar hutuna na zauna na sa ido. Yaya, ashe Baba ne. Na same shi a kicin, tabarau a kan hanci, ya sa ƙwayar hawan jininta tsakanin cokula biyu yana murƙushewa a tsanake, yadda yake gyaran agogon mutane a da. Ya kwaɓa garin da zuma ya kai mata. Wai ya ga tana shaƙewa da ita ne, ransa bai so ba. Alhali ƙwayar nan an yi ta ne don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har yini ya ƙare. In aka murƙushe ta, na yini guda ne yake shiga jiki lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas, da yamma kuma babu sauran abin da zai riƙe shi. Allah ne kawai ya tsare.

Na lallaɓa na yi masa bayani. Ya wanke cokulan, ya goge, ya ajiye a gabana ya shige ɗaki. Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na san halinka, yanzu za ka ce a ɗauko mai jinya a raba Baba da maganin. Don Allah dakata. Tun da ido ya hana shi aiki, wannan kaɗai ya rage yana yi mata da hannunsa. A gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara? Saƙonka ya iso, kuma kamar yadda na faɗa, mai jinya ka ce. Saurari ƙarshen labarin tukuna.

Likita ya canza wa Mama magani zuwa na ruwa, wanda ake aunawa da ɗan kofi mai layi, kuma jirin ya tafi. Sai dai Baba ya ƙaurace wa ɗakin. Da lokacin magani ya yi sai ya ja kujerarsa ƙofar gida. Ita kuma Mama ta datse baki. Na roƙa, na yi fushi, na yi mata irin lallashin da nake wa yara a wurin aiki, ko gezau, ƙofa kawai take kallo. Ka san magana ba ta fita, amma na gane.

Na bi shi waje da kofin. Ya dube ni ya ce, “Auta, ni da na kusa kashe ta?” Idona ya cika. Na ce masa babu wanda ya taɓa gaya masa akwai ƙwayar da ba a dakawa, ko mu a asibiti sai mun tambayi mai haɗa magani kafin mu taɓa. Na nuna masa layin da zai tsaya. Ya ɗaga kofin saitin ido yana ta dubawa har na makara aiki. Ya shiga da kofin, kafin ya ƙarasa bakin gadon Mama ta buɗe baki.

Yanzu ya zame mini ɗalibi mai naci. Ko maganin ciwon kai ne sai ya kira ni a wurin aiki ya tambaya ko ana raba shi. Saboda haka a bar maganar mai jinya, in ka kira shi kuma kada ka tayar da zancen.

Jiya na mayar masa da cokulansa. Ɗaya ya ɗauka, wanda zai riƙa ba ta zuma da shi bayan magani saboda ɗaci. Ɗayan ya ce in mayar kicin, ba shi da sauran aiki a wurinsa.

Mama na gaishe ka da ido. Allah ya bar zumunci.

Taka,
Auta