Igiyar Shanyar da Ka Yi Shiru a Kanta

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Amma kwana tara ke nan ina jujjuya magana ɗaya a raina, kuma maganar ta sana'arka ce, wa zan kai wa?

Mutanen gida lafiya. Na fita takaba kafin saukar damina. Babban yaron nan namu na Bauci yana kira duk Juma'a. Shagonka wani mai gyaran wayar hannu ya shiga, wai yanzu ba mai kawo rediyo.

Inna ce dai. Idon mahaifiyarka ya ƙarasa rufewa, kuma da ɗakinta ya fara yoyo muka mayar da ita ɗakin ƙurya. Abinci sai an yi da gaske. Bayan sallar asuba takan zauna a kan buzu ta karkata kunne wajen ɗakinka, tana jiran tilawar da ta saba ji. Ba ta tambaya. Da ma tambayar take yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai na tuna kaset ɗin da ka ɗauki karatunka a wani azumi. Shi kaɗai ne, yana cikin rakodar da ka kafe a kan kantar ɗakinka, wadda ka ce in aka motsa ta cin kaset take yi. To rakoda ba za ta tashi ba, sifika ce za ta je wajen Inna. Saura amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi. Ina zai zauna? In ya bi sifika, sai a tsawaita siraran wayoyin nan masu kai ja da fari da ke haɗa shi da rakoda. In ya tsaya gefen rakoda, sai a tsawaita ta sifika. Ka sha yi mini wannan bayani ina tsince shinkafa, ina cewa to, to. Me ya hana ni saurara?

Ni na ƙara wa abin wuya. Gajeriyar hanya taku goma sha biyu ce, amma ta jikin makewayi ta bi. Malamarmu ta Islamiyya ta ce ba laifi, wuta ce ke gudu a ciki, ba Alƙur'ani ne rubutacce ba. Bakina ya yarda, zuciyata ta ƙi. A ƙasa ma ban so ba, inda za a riƙa tsallakawa. Na ce a bi ta saman zaure a zagayo bayan madafa. Taku arba'in.

Yaron namu da ya kira ya ce a kai wa Inna amfilifaya kusa da matashinta, ta riƙa murɗawa da hannunta. Ƙaninka Bala ya ja siraran wayoyi, aka kunna. Malam, kamar an saki ƙudan zuma a ɗaki, sai zuuu. Da maƙwabta suka tayar da injin markaɗe kuwa, sai ƙaraf-ƙaraf a kan ayoyi, ba ka rabe sin da sadi. Inna ba ta kai ƙarshen aya ba ta ce a kashe, wannan ba ɗanta ba ne. Ranar ko kunu ba ta sha ba. Ni na jawo mata.

Na hau keke napep zuwa kasuwa wajen Oga Emeka, abokin cinikinka mai kayan wuta. Ya ce har yanzu idonsa kan kai ƙofar shagonka da safe. Ya ce muryar da ke fita daga rakoda jaririya ce, duk dattin da ta tarar a hanya sai ta kwasa, amfilifaya kuma ya ƙara musu ƙarfi tare. A bar siraran a gajerce. Wadda ta fito daga amfilifaya ita ke jure tafiya, amma sai waya mai kauri, in ba haka ba a gajiye za ta isa. Ya ƙi sayar mini da ta shagonsa, wai roba ce ta yi ƙiba, tagullar ciki ba ta da yawa. Sannan ya tambaye ni ina naɗin waya mai kauri ɗin nan, ja da baƙi, da ka saya wajensa shekara shida da suka wuce, wanda zai zagaye gidanmu har ya yi saura.

Malam, ni na ɗauka.

Igiyar shanya ce ta tsinke ranar da baƙi daga garin Gololo suka cika gida. Na ga naɗin a ƙarƙashin gado, na ja shi layi uku a tsakar gida ban yanke ba. Bayan kwana biyu ka shigo kana cigiya, ina fifita wuta, na yi shiru. Ka ce wataƙila a kan acaɓa ka manta shi. Shekara shida ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Ni da na yi karatun allo, ban san shirun nan ƙarya ba ne?

Jiya na hau turmi zan kwance. Ƙullin ba nawa ba ne. Bakin wayar duka biyu an naɗe su da baƙin salatif don kada ruwa ya shiga tagulla, irin naɗinka, mai lanƙwasa a ƙarshe. Tun yaushe ka sani? Ranar da ka yi cigiyar ma ka sani? Jira kake in faɗa da bakina? Kullum ta ƙarƙashinta kake sunkuyawa ka wuce masallaci, zannuwana na ɗiga a kafaɗarka.

Na wanke ta, yau da safe Bala ya mayar da amfilifaya gefen rakoda, ya ja ta zuwa sifikar Inna. Na danna rakoda na fito da sauri, don ban iya tsayuwa a ɗakin nan da muryarka ba. Daga ƙofar Inna na tsaya. Tas take fita, har jan numfashinka. Leɓɓanta na bin ka. Da ka zo wurin nan cikin Yasin da ka yi tari ka ɗan tsaya, sai ta ɗora maka ayar da ƙarfi, kamar kana gabanta da allo. Da ka idar ta ce a kawo mata kunu.

Ita ta samu. Ni ce har yanzu nake kai da kawowa a tsakar gida, wanki na shanye a kan katanga. Na yi istigfari, amma hakkin naka ne. Ka yafe mini, Malam, ko da yake salatif ɗin nan ya nuna ka riga ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a inda ba a buƙatar waya.

Wadda ka bari a gida,
Hadizatu