Jan Biron Malama

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga yayarka, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ba ka sauƙin gwiwar nan da ka ce tana damunka in sanyi ya shigo, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, idon ne dai ya ƙara rauni, yanzu da murya take gane mutum. Amma kunnen nan nata yana nan yadda ka bar shi, ko a ɗakin girki ka yi gulmarta sai ta ba ka amsa daga tsakar gida. Baban yara yana shagonsa na gyaran keken ɗinki, babbar 'yarmu kuma ta fara karatun jinya, kullum sai ta auna jinin Inna, tana so ko ba ta so.

Sau uku kana kirana kana cewa in haɗa kayana in zo wurinka har ƙura ta lafa, ni kuma ina ce maka to, to. Ban iya yi maka bayani a waya ba, don kwanakin nan kowa rage murya yake yi in ya kara waya a kunne, kai kuma tun kana ƙarami ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zancensa. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba abokinka da zai taho. Amsata ita ce ba zan zo ba. Kada ka yi fushi tukuna, ka karanta har ƙarshe.

Ka san da zaɓe ya zo an ɗebi malaman makaranta aikin rumfa. Ni aka ba shugabancin rumfar unguwarmu, aka kuma kafa ta a makarantarmu, a cikin ajina, akwatin ƙuri'a a kan teburin da nake zama. Ka kuma san wanda ya tsaya takarar wakilcin yankinmu, Likita, wanda ya yi shekaru a asibitin unguwa, wanda ya fara duba idon Inna yana tsokanarta. An ce ma'aikacin zaɓe ba shi da ɓangare, hannuna kuwa bai ɗauki ɓangare ba, amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata tana wurin Likita. Shekara da shekaru muna zaɓen mutane suna mantawa da mu, sai na ce ga wanda ya san warin kwatarmu. Tun da sassafe layi ya kai bakin ƙofar makaranta. Na ga tsohon da aka kawo a bayan keke, na ga mai jego da jaririnta. Da yamma muka juye akwati a gaban kowa, ina ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ƙirgawa tare da ni ta taga kamar 'yan aji ɗaya. Likita ya samu ɗari huɗu da goma sha biyu, wanda ke kan kujerar ya samu casa'in da bakwai.

Nan na yi kuskuren. Kwana biyu aka yi ana koya mana aiki, aka nanata cewa da shuɗin biron da ke cikin kayan zaɓe za a cika takardar sakamako. Na ji da kunnena, har na rubuta a littafi. Amma Auta, shekara ashirin da uku ke nan, duk lokacin da na haɗa jimla zan sa a ƙasan takarda, hannuna aljihun tebur yake zuwa ya ɗauko jan biro. Ga ni a kujerata, ga teburina, ga gajiya. Na rubuta lambobin da ja, har na zagaye jimlar kamar makin jarrabawa. Wakilan jam'iyyu duk suka sa hannu, ba wanda ya ce uffan. Washegari a wurin tattara sakamako aka ɗaga takardata aka ce ta saɓa ƙa'ida, aka soke rumfarmu gaba ɗaya. Likita ya faɗi da tazarar ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai. Ba sai na yi maka lissafi ba.

Abin da ya biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gani. Mai kantin bakin layi, wadda a da take ƙwala mini Malama tun daga nesa, sai ta koma miƙo mini sabulu tana kallon bango. Aka fara cewa sayena aka yi. Iyaye uku suka cire 'ya'yansu daga ajina. Samarin unguwa suka fita nuna rashin yarda, aka kwashe wasu, biyu daga cikinsu ni na koya musu riƙe fensir, har yau ba a sako su ba. Wata mota marar lamba ta riƙa tsayawa a bakin layinmu da rana tsaka, ba mai fitowa daga ciki. Wayata ta yi ƙara, in ɗauka, in ji numfashi kawai. Abinci ya daina shiga. Na tattara duk jan biron da ke gidan na watsa a kwandon shara, na koma duba aikin yara da fensir. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sallata. Zan tayar da kabbara, sai in tsinci kaina ina ƙirga ƙuri'a, in rasa ko raka'a ta biyu nake ko ta uku. Abu guda na riƙe: Likita ya kai ƙara kotu, za a kira ni in ba da shaida, in wanke sunana a gaban kowa.

Sai ga mako uku da suka wuce, babbar 'yarmu ta miƙo mini waya. Hoton Likita ne yana musabaha da wanda ya kayar da shi, dukansu suna dariya har haƙora a waje. An ba shi shugabancin wata hukumar lafiya, ya janye ƙara, ya ce don zaman lafiya ya yi. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba a kan yaran da ke tsare. Ranar nan na yi kukan da ban yi ba ran rasuwar Baba, Allah ya yafe mini. Bayan kwana biyu hedimasta ya kira ni ofishinsa. Ya goge tabarau sau uku kafin ya buɗe baki. Ya ce hoton jar takardata yana yawo a wayoyin mutane, ana so a rufe maganar, don haka in je ofishin da ke binciken rikicin zaɓen in sa hannu a wata takarda da ta ce na yi kuskuren ƙirga, ainihin ƙuri'un Likita ɗari da goma sha biyu ne. Ya ce ɓangarorin biyu duk sun amince, in na sa hannu ajina yana nan, in na ƙi kuwa shi ba zai iya tare mini komai ba. Ba mugun mutum ba ne, Auta, tsoro ne ya cika shi kamar yadda ya cika ni.

Da na dawo gida na yi La'asar, Inna tana kan tabarmarta da carbi. Ina sallamewa ta ce in matso. Ta ce ta daɗe tana jin sallata, kullum sai an yi gyara a ƙarshe, yau kuma raka'a biyar ta ƙirga mini. Na zayyana mata komai. Ta tambaye ni mutum nawa na ce sun zaɓi Likita, na faɗa mata. Sai ta ce ita dai ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa jin an ce mala'iku suna soke takarda don launin tawada ba, kowane mutum da ya tsaya a layin nan an rubuta shi tun kafin in buɗe aljihun tebur. Ta ce ciwona ba motar bakin layi ba ce, ba kuma aikin ba ne, na ɗauki ɗan Adam na ajiye shi a wurin da ba nasa ba ne a zuciyata, shi ya sa da ya zame na faɗi tare da shi. Ta ce mutumin da ko idonta bai ƙarasa gyarawa ba, shi na ɗora wa gyaran duniya. Cikin hawaye sai da na yi dariya. Ta ƙara da cewa na farko kuskuren hannu ne, Allah ya san shi, amma sa hannun da ake nema yanzu ido biyu zan yi shi. Ba ta ce in yi kaza ko in bar kaza ba, ta ce dai in sake alwala in rama sallata a hankali.

Ba zan ce maka tsoro ya tafi nan take ba. Amma a kan sallayar nan na gane wani abu da ya sa jikina ya yi sanyi. Wata da watanni ina roƙon Allah ya ba Likita nasara, daga baya ina roƙon ya sa Likita ya wanke ni, kamar Allah ba ya iya yi mini komai sai ta hannun mutumin nan. Ban taɓa roƙon ya gyara mini zuciyata ba. Na ji tsoron waɗanda ke leƙena ta gilashin mota fiye da wanda ke ganina ko'ina. Su iyakarsu su karɓe aji da allo, abincina da kwanakina kuwa ba a aljihunsu suke ba. Magaribar ranar na yi raka'a uku cif, ban ɓata ba. Na ci tuwona... a'a, bari in faɗi gaskiya, na ci har na nemi ƙari, Inna tana cewa a rufe tukunya. Da na gaya wa Baban yara abin da nake shirin yi, sai ya ce in aka kore ni zai koya mini gyaran keke, da sharaɗin ba zan riƙa ba abokan cinikinsa maki ba.

Ranar Litinin na shirya zan fita, Inna ta kira ni, ta ɗaga gefen tabarmarta ta laluba, ta miƙo mini jan biro. Ashe ran da na zubar da su ɗaya ya faɗi a tsakar gida, ta taka shi da ƙafa, ta ɗauka ta ɓoye. Ta ce kayan aikin mutum ba shi da laifi. A ofishin na zauna a benci kusan awa biyu, fanka ba ta juyawa, sannan aka shigar da ni wurin wani jami'i mai furfura, mai ladabi ƙwarai. Ya turo mini takarda da shuɗin biro. Na karanta ta yadda nake karanta aikin ɗalibi, yatsa a ƙarƙashin layi. Da na kai wurin da aka rubuta lambar ɗari da goma sha biyu, na buɗe jaka na ciro biron Inna, na soke ɗayan farko, na rubuta huɗu a samansa. Na ja layi a kan inda aka ce na yi kuskuren ƙirga, na rubuta cewa kuskuren biro na yi, na sa hannu. Ya duba takardar, sannan ya tambaye ni ko na san abin da na yi. Na ce masa wancan karon ban sani ba, wannan karon na sani. Da nake saukowa daga bene na ji ƙirjina fayau, rabon da in ji haka tun kafin zaɓe.

Shekaranjiya takarda ta zo, an dakatar da ni har sai yadda hali ya yi. Ya yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba, in na ji ƙararrawar makaranta da safe sai in miƙe kafin in tuna. Motar ma takan zo jefi-jefi, mai kanti kuma har yau bango take kallo. Amma ina barci, ina cin abinci, sallata ta dawo. In na gudo wurinka yanzu, tsoron da Allah ya sauke mini zan koma in ɗauka, in bar Inna da iyayen yaran nan biyu da nake zuwa zama da su duk Juma'a. Kada ka ɓata bakinka da zagin Likita, ni ma na daina. Ka roƙa wa yaran nan fitowa, ni kuma ka roƙa mini tsayuwar zuciya, aikin in da rabo zai dawo.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka ce ina godiya da mayafin da ta aiko. Ka shafa mini kan takwarar Inna da ƙaninta mai rigima. Ka gaida Kawu in kun haɗu, da maƙwabcinka da ya yi jinyarka bara. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari. Baban yara da 'ya'yanka na nan duk suna gaisuwa. Allah ya tsare mu da ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Malama

Ka yi haƙuri da launin rubutun nan. Ba ni da littattafan yara da zan duba yanzu, tawadar kuwa tana nan da yawa, kuma na daina jin kunyarta.