Alƙalami da Fil

Greensboro, Talata 14 ga Oktoba, 2003, ƙarfe 1:10 na rana

Kawu Boukari,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da Inna Daso. Ina rubuta wannan a cikin mota a gefen titin Wendover, na kasa komawa gida.

Ka san wata biyu ke nan da aka ɗauke ni gwaji a kwalejin manya, ina koyar da sauti a tsofaffin waƙoƙin Amurka. Na sa ɗalibai su rubuta baiti huɗu da amsa-amo. Wata dattijuwa daga Summerfield, mai shekara 61, ta haɗa kalmarsu ta alƙalami, pen, da kalmarsu ta fil, pin. Wasalinsu daban ne, na duba ƙamus biyu. Na ba ta sifiri da jan biro.

Yau da ƙarfe 10:20 ta miƙe ta karanta da ƙarfi. Kawu, a bakinta kalmomin biyu sauti ɗaya ne sak. Haka mutanen nan suke faɗa. Aji ya fashe da dariya. Ta ce, “'Yar nan, tun kafin a haife ki haka nake kiran su.” Ta kai ƙara. Shugabar sashe za ta zauna a ajina ran 23, daga nan ta yanke ko zan ci gaba.

Ƙamus yana goyon bayana. In tsaya a kansa? Kai ka koya min amsa-amo.

'Yarka,
Kaltouma

Zinder, 29 ga Oktoba

Kaltou,

Barka da shan ruwa. Innarki ta yi dariya har ta ƙware.

Ƙamus biyu! Da wane ƙamus na koya miki a tsakar gida? Kunne na ja miki. Lakwal, makarantar boko, ce ta mai da ke mai jin waƙa da ido.

Ga abin da ba ki sani ba. Ina saurayi na je gasar waƙa a Kano. Wani alƙali mai biro irin naki ya soke min baiti, wai bakin Damagaram ya ɓata ƙarshensa. Na dawo, shekara tara ban tsara ko ɗango ɗaya ba. Aikinki ba ya ba ni tsoro. Tsohuwar nan nake ji.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Greensboro, Talata 18 ga Nuwamba, ƙarfe 4:35 na yamma

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso jiya, kwana 25 bayan shugaba ta zauna a ajina.

Ran 23 na shiga da ƙamus a hannu. Da na ga fuskar dattijuwar sai na ajiye shi. A gaban shugaba na ce kuskuren nawa ne, na goge sifirin, na roƙe ta ta karanta mana waƙar ranar daga littafi. Ta karanta. Wurare biyu da na koyar cewa amsa-amonsu rabi ne suka cika a bakinta. Shugaba ta yi rubutu na minti shida, ta fita ba sallama.

Abin da ban sani ba har yanzu:

1. Me ta rubuta.
2. Ko ina da aiki a Janairu.
3. Ko dattijuwar za ta kawo sabon baiti. Tana zuwa aji, amma sau uku ke nan ba ta miƙa komai ba.
4. Me ya sa ka sake tsara waƙa bayan shekara tara. Wannan nake so da gaggawa, Kawu. Kada ka rubuto, ka bugo waya.

'Yarka,
Kaltouma